Gayaunar Tani Ba Ta Shiga Waya Ba

Tani ta garin Ƙarfi mace ce mai baki. Tun da ta yi aure take noma gayaunarta, 'yar gonar da mijinta Jibo ya yanka mata a gefen gandun gidansu, kuma a kasuwar Malumfashi babu dillalin da ya isa ya taka ta. Mutum ɗaya ne a duniya ba ta iya duban idonsa ta yi magana: Isyaku, ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta kamawa, "yaron nan" take cewa. Haka ta tarar ana yi.

To wannan Isyakun, wanda waken gayaunar ya kai makaranta, shi ƙungiyar manoma ta ɗauko daga Funtua ya haɗa wa manoman manhajar rabon taki a waya. Aikinsa na sauri ne. Ya haɗa kaɗan, bayan mako biyu ya zo ya nuna a gindin tsamiya, ya ji ta bakin mutane, ya koma ya gyara. Maza suka yi ta zuba. Wani ya ce a ƙara girman rubutu, Jibo ya ce a sa hoton buhu. Duk ya yi.

Tun zuwan farko Tani ta hango matsalar. Gona ɗaya manhajar ke karɓa a kowane gida, da sunan maigida, gayaunar mata ba ta da gurbi. Sauran matan ba za su kushe aikin yaro a gaban uwarsa ba, ita suke jira. Ita kuma kunya ta ɗaure ta. Ta aiki Jibo, ya ce to, bai faɗa ba. Ni mai ba ku labarin nan ina cikin ƙungiyar, ina wurin duk zaman, kuma har yau abin yana ci mini rai, don ni ma shiru na yi.

A zama na huɗu, na ƙarshe kafin shuka, Isyaku ya juya wajen mata.

"Iyayena, akwai abin da na bari?"

Tani ta buɗe baki, sai ta sunkuyar da kai. Ta ce wa maƙwabciyarta Mero, "Gaya masa ya yi kyau."

Taki ya zo, gandu ya samu, gayauna ko hannu ɗaya. Da damina ta yi nisa Isyaku ya kawo ziyara, ya tsaya a bakin gayaunar tare da Jibo yana kallon masara duk ta yi rawaya.

"Baba, me ya hana Inna zuba taki bana?"

Tani tana duƙe taku biyar daga gare shi, tana jin sa. Ta ci gaba da cire ciyawa.