Goggon Kwantena Ta Ajiye Aiki

Kafin a busa begilar safe, Goggo ta riga ta ɗora tukunya a kan risho. Ƙarafan duba mahaifa take tafasawa, guda biyu, su ke nan gare ta, kuma da su take duba mata arba'in da 'yan kai da ke sansaninmu: sojoji, masu girki, masu wanki. Daga nan ta share kwantenar da aka ce ita ce asibiti, ta rataye tsohon bargo a igiya don ya raba gadon dubawa da bencin da maza ke zaman jiran wankin ciwo. Fitilar aikinta tocila ce da take ɗaurawa a goshi. Haka ta yi shekara goma sha ɗaya, a wurin da mota ke cin awa shida kafin ta kai asibitin da ke da likita.

Nas ce, sajan a muƙami, amma kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Makon jiya ta yi ritaya. Ni kofur ce, direbar babbar mota, rubutu ba aikina ba ne. Ɓacin rai ne ya sa na ɗauki biro.

Duk wata sai ta rubuta takardar kayan da take buƙata: audugar mata, maganin sanyi, abin gwajin ciki, safar hannu. Duk wata kuma sai mota ta zo da katan-katan na man goge takalmi. Ina tsaye ranar da ta tare mai kula da sito.

"Ɗan nan, ina audugar da na rubuta?"

"Goggo, an ce ba ta cikin kayan yaƙi."

"To madalla. In wata ya zo musu sai su shafa man takalmin ko?"

Muka yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ita ce ta gano abin da ya sa ciwon fitsari ya ƙi barinmu: banɗakin mata na can ƙarshen waya, ba ƙofa, sai mata suka daina shan ruwa don kada su je. Ta kai ƙara sau uku, ba wanda ya kula. Ta ciro ƙofar kabad ɗinta, ta sa kafinta ya kafa, ta sayi sakata.

Nawa labarin ya faru wata biyu bayan na dawo daga hutu wurin maigidana. Muna faretin safe na ji kamar an soka min wuƙa a gefen mara, na zube. Goggo ta duba ni, ta yi gwaji da ɗaya daga cikin abin gwajin ciki uku da ta ɓoye, ta auna jinina sau biyu. Fuskarta ta sauya.

"'Yar nan, ciki gare ki, amma ba a mahaifa ya zauna ba. Ya fashe, jini na zuba ta ciki. Yau za a yi miki tiyata, ba gobe ba."

Kwamanda ya zo da kansa, ya tsaya a bayan bargon. Ina jin komai.

"Sajan, ayarin motoci sai Alhamis. Ciwon mata ne na wata-wata, ba ta farasitamol ta kwanta."

"Yallabai, ba za ta kai la'asar ba."

"Ba zan fitar da mota da 'yan rakiya saboda ciwon mara ba."

Na ji ƙarar yage takarda.

"To ga biro, Yallabai. Rubuta cewa na gaya maka, kai ka hana. Ka sa hannu, ka sa lokaci. Ni zan kai wa mijinta."

Bai karɓi biron ba, ya ce a fito da mota. Bayan minti ashirin muna hanya. Awa shida Goggo tana durƙushe a bayan mota, hannu ɗaya riƙe da ledar ƙarin ruwa, ɗayan yana marina duk lokacin da idona ya so rufewa. "Kofur, ban ba ki izinin barci ba!" Likitan da ya yi min aiki ya ce da mun ƙara awa ɗaya, da gawa za a sauke.

Kun san ladan da aka ba ta? Takardar tuhuma, wai ta yi wa na gaba da ita rashin kunya. Ƙarin girman da take jira ya wuce ta, bai sake dawowa ba.

Ba kowa ta iya ƙwatowa ba. Akwai mai girkinmu da muke kira Doguwa, uwar yara huɗu. Goggo ta ga wani abu a bakin mahaifarta da bai kwanta mata a rai ba, ta rubuta a tura ta gwaji. Takardar ta yi wata takwas a kan tebur, don an ce ba gaggawa ba ce, kuma wa zai yi girki? Da aka tashi tura ta, sankara ta riga ta ci jiki. Goggo ce ta tattara kayanta ta kai wa 'ya'yanta. Wanda ya danne takardar yanzu tauraro ya ƙaru a kafaɗarsa.

Ranar sallamarta an tara mu a rana. Babban baƙo ya yi rabin awa yana yabon sabon ɗakin shan iska na hafsoshi, ya ba Goggo minti biyu da kyautar agogon bango, sunanta ma bai faɗa daidai ba. Har yau ba a turo wadda za ta maye gurbinta ba. An sa wa kwantena kwaɗo.

Goggo, ke ce kika ga tsiraicinmu kika rufe, kika ji sirrinmu bai taɓa fita daga bakinki ba. Ke ce mai faɗa a kanmu a inda mu ba mu isa mu ɗaga ido ba. Uwar marasa uwa a daji, mun gode. Allah Ya saka miki da abin da mutane suka hana ki.

Ku kuma masu sa hannu a takardu, kun ɗauke mu aiki kun san mata ne mu. Mun riƙe bindiga, mun tuƙa motocinku, mun binne abokanmu. Ku turo nas, ku turo kayan aiki, ku daina jira sai wata ta zube a fili. Ku 'yan mata da ke karatun jinya, in an tura ku irin wannan wuri, kada ku koyi shiru. Ku koyi bakin Goggo.

Goggo, bayan tiyatar likita ya ce da wuya in sake ɗaukar ciki, amma Allah Ya ba ni. 'Yata ta cika shekara uku watan jiya. Sunanki na sa mata, kuma wallahi har faɗan ta ɗauko.