Haruffa Uku da Barba Anestis Ya Ƙi Ɓoyewa

Kullum kafin rana ta leƙo ta bayan tudun zaitun, za ka ga Barba Anestis (Barba muke ce wa dattijo a nan) ya sauko ta hanyar coci da bokiti a hannu, soso a aljihu, buroshi mai gashin doki a hamata, da naɗin farar takarda a kafaɗa. Ba ya gaida kowa da baki sai da ka. Sauri yake yi, don a cewarsa dutse ba ya magana sai rana tana kwance, idan ta miƙe tsaye ya rufe baki. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan sammako zuwa kangon tsohon birnin da ke ƙasan ƙauyenmu, Kalorema, a gefen tsohuwar hanyar Rumawa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, hannu ya fara rawa.

Aikinsa shi ne ɗaukar rubutun dutse a takarda. Yakan wanke dutsen, ya jiƙa takarda ya shimfiɗa a kai, ya yi ta bugunta da buroshi har ta shige cikin kowane rami. Idan ta bushe ya ɗaye, sai ga haruffa sun fito ɓaro-ɓaro, har waɗanda ido ya daina gani tun kakannin kakanni. Shi "fatar dutse" yake ce mata. Aji shida kawai ya yi, amma na sha ganin manyan malaman jami'a sun durƙusa a gefensa suna jira ya shafa da yatsa ya faɗa musu ko harafi ne ko tsaga ce. Littattafansu sun cika da abin da hannunsa ya ɗauko, sunansa kuwa ko a bangon baya babu.

Ni Froso, wadda ta koyar a makarantar ƙauyen nan har ranar da aka sa mata kwaɗo, ni ce ya kamata in yi wannan rubutu, domin ni na fi kowa jin haushinsa. Shekara guda cur na yi gaba da shi.

Ga yadda aka yi. Shekara goma sha tara da suka wuce ana gyaran bangon maɓuɓɓugar ruwa ta dandali, sai magina suka juyo wani farin dutse. Fada Fotis, limamin cocinmu, ya sa tabarau ya duba, ya ga haruffa huɗu: Pavl. Daga nan fuskar dutsen ta siɗe sumul. Fada bai tsaya komai ba ya ruga ya kaɗa ƙararrawa. Duk wanda ya tashi a nan ya san Littafi Mai Tsarki ya ce Manzo Bulus, wanda mu muke kira Pavlos, ya bi hanyar nan daga Filibi zuwa Tasalonika. Garuruwan da aka ambata da suna, motocin masu ziyara ba sa yanke musu. Mu kuwa da ba a ambace mu ba, samarinmu ne suke ta shiga mota zuwa Jamus.

Gari ya ɗauka. A shagon kofi har an fara gardamar inda manyan motoci za su riƙa tsayawa. Ni na fara ƙirga yaran da za su dawo mini aji. Lefteris, ɗan Barba Anestis tilo, ya bugo waya daga masana'antar da yake aiki a Jamus, ya ce wa uwarsa Despina: "Mama, in dai gaske ne, ki share ɗakin ƙasa. Gidan abinci zan buɗe. Na gaji da dankalin mutanen nan."

Abin da ya rage shi ne a ɗauki rubutun a aika wa masana a birni. Ranar da Barba Anestis ya zo da bokitinsa, rabin ƙauye na tsaye a kansa. Ya wanke dutsen, ya ɗora yatsa a inda ya siɗe, ya daɗe yana shafawa. Sai ya kwashe kayansa ya koma gida bai buga takardar ba.

Fada Fotis ya bi shi. Despina ce ta ba ni labarin daga baya.

"Anestis, me ka ji?"

"Akwai saura, Fada. Uku. Kuma ba waɗanda kake so ba ne."

"Ido yana ganinsu?"

"Ido ba ya gani. Takarda za ta gani."

"To, ai ban ce ka yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Hannu kawai za ka ɗan sassauta a wannan gefen. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai da wa? Tsohon jaki kawai! Ɗanka ne fa zai dawo!"

Despina ba ta zage shi ba. Ta ajiye masa burodi da cuku, ta ce: "Ni ban san boko ba, Anestis. Na dai share ɗakin."

Kwana uku bai fita ba. A na huɗu ya zo da sassafe, ya jiƙa takarda, ya buge ta daidai wa daida daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda yake bugun kowane dutse. Da ta bushe muka karanta da idonmu: Pavlina. A ƙasa ga fitila mai rassa bakwai irin ta Yahudawa, da wasu layuka da suka ce ita, 'yar Samu'ila, ta gina wurin shan ruwa saboda matafiya. Masana suka ce ta rayu kamar shekara ɗari biyu bayan manzon. Sun yi murna ƙwarai, don ba su san Yahudawa sun taɓa zama a wannan kwarin ba. Suka rubuta shafi huɗu. Mu kuwa a shekara mukan ga baƙi uku, su zo da hula da littafi, su sha kofi ɗaya su tafi.

Lefteris bai dawo ba. Bayan shekara biyu aka rufe makarantata, yara bakwai suka rage. A shagon kofi aka laƙaba wa Barba Anestis suna "angon Pavlina", idan ya shigo a ce: "Ango, ya amarya? Har yanzu ba ta kawo mana baƙi ba?" Ya zauna ya sha kofinsa kamar ba da shi ake ba.

Barba, kai ne mutumin da aka ɗora wa ɗansa a tafin hannu ɗaya, haruffa uku a ɗayan, aka ce ya zaɓa. Na zaci taurin kai ne, na zaci ba ka damu ba. Sai ranar da aka kafa dutsen kabarin Despina na gane. Lefteris ya zo jana'iza kwana uku ya koma, bai ga dutsen ba. Na tarar da kai a maƙabarta da bokitinka, kana buga takarda a kan sunan matarka, hawaye na zuba a kan takardar kana haɗawa da shi kana bugawa. Ka naɗe ta ka aika Jamus. Ranar na gaishe ka, ka amsa kamar jiya muka rabu.

Fada Fotis ma ya sauko, ko da yake sai da ya ja shekara biyar. Yanzu duk shekara, ranar bikin cocin da ake tsarkake ruwa, yakan tsaya a maɓuɓɓugar ya ambaci Pavlina, matar da ba ta cocinmu ba, wadda ta shayar da mutanen da ba ta sani ba. Idan ya gama sai ya harari Barba Anestis ya ce: "Ka ji daɗi, tsohon jaki?" Shi kuwa ya ce: "Ka dai gyara, Fada, 'yar Samu'ila ce, ka tsallake."

Makon jiya na same shi a tsohuwar rumfar shanya taba inda yake jera takardunsa, sun fi dubu biyu. Wasu duwatsun ruwan sama ya cinye su, ba su da sauran shaida a duniya sai wadda ke rumfar nan. Na yi masa tambayar da na daɗe ina haɗiyewa.

"Barba, ka taɓa yin da-na-sani?"

"Kullum, Malama. Duk safiya in na wuce ɗakin nan na ƙasa." Ya murza yatsunsa. "Amma matar nan ta biya mai sassaƙa ya rubuta sunanta don kada a manta da ita. Ba ni na sa haruffan ba, ba ni zan cire su ba. Da na cire, in Lefteris ya dawo, da wane ido zan dube shi yana sayar da abinci a kan ƙaryata?"

Mun gode, Barba Anestis, na Despina, mai sa dutse magana. Mun gode da abin da ya ba mu haushi. Ina kewar ƙauyen da muka yi mafarki a wancan mako guda, ina kewar hayaniyar yara a ajina, kuma na san kewarka ta ninka tawa. Ku da ke da aiki a hannu, ko wane iri ne, idan aka ce ku ɗan sassauta a gefen da ba mai gani, ku tuna da wannan tsoho da buroshinsa.

Kai kuma Lefteris, an ce wannan jarida ta ƙungiyar 'yan ƙauyenmu tana isa har inda kake. Motar Tasalonika har yanzu ranar Alhamis take zuwa, ƙarfe huɗu na yamma. Babanka tun uku yake zuwa ya zauna a bakin maɓuɓɓuga, ya ce wai dutse ya zo dubawa. Ɗakin ƙasa kuma, tun da mamarka ta rasu, shi yake share shi.