Kunyar Aikina Ta Ƙone Geron Kawuna

A lokacin ina sabon dawowa daga karatu a waje, ga digirin dakta, ga tumbi ya fara leƙowa, na samu koyarwa a jami'a nan Maiduguri. Bincikena shi ne yadda duniyoyi ke samuwa: jaririn tauraro yakan kasance da faifan ƙura da iska yana zagaya shi, ƙurar ta yi ta dunƙulewa har ta zama duniya. Gidanmu kuwa a Galtimari dillalan shanu ne kaf. Ranar da na gwada yi musu bayani, yayana ya tambaye ni ko wannan duniyar ce ta yi mini kaɗan. Aka yi dariyar da na tabbata har kasuwar shanu an ji ta. Daga ranar na koma ƙarya. Duk wanda ya tambaya sai in ce hadari da ruwan sama na karanta.

Na yi shekaru ina cin girma da wannan ƙarya. Sai wata shekara ruwan fari ya sauka da wuri, kawuna da ke noma a Dusuman ya zo har ofishina. Ya ce in faɗa masa tsakani da Allah, damina ce ta zauna ko leƙe ta yi, don irin geron da ya gada wurin kakanmu bai fi na shuka ɗaya ba. Ni da ko shanyar matata ban taɓa cetowa daga ruwa ba, na gyara tabarau, na leƙa taga, na ce ya shuka. Ya shuka duka. Ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone ƙurmus.

Na same shi a gonar na faɗa masa gaskiya. Ya tambaye ni to me na sani. Na kwatanta masa samuwar duniya da garin da ake yayyafa wa ruwa ana juyawa a ƙwarya har ya dunƙule. Ya tambayi tsawon lokacin da abin ke ɗauka, na ce miliyoyin shekaru. Ya ce da nan na tsaya tun farko, da ba wanda zai yi asara a hannuna. Maƙwabta sun taimaka masa da wani iri, amma na kakanmu ya tafi ke nan, kuma ni na kashe shi.

Nadamata ƙaryar ce, ba karatun ba. Yau ko a wurin ɗaurin aure aka tambaye ni, sai in buɗe murya in ce haihuwar duniyoyi nake bincike, mai dariya ya yi har haƙoransa su zube. Ku masu karatun da ba a gane ba a gida, ku faɗi abin da kuka sani, ku ce ba ku sani ba inda ba ku sani ba. Dariya ba ta taɓa ƙone gonar kowa ba. Ƙaryata ce ta ƙone ta kawuna.