Tarin da Na Kai Gidan Aminina

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Yanzu ma ka tambaye ni abin da na ci jiya da rana, sai na kira jikata ta tuna mini. Amma akwai wata damina guda, can ƙarshen shekarun saba'in, gab da soja su miƙa mulki, wadda ko an ce in manta ba zan iya ba, har ranar da za a naɗe ni a likkafani.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Mahaifina ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, yana yi wa leburori aski a wajen Naraguta. Daga baya ya yi gida a Gangare, a nan aka haife ni, a nan na gaji zabirarsa. Lokacin da nake ba ku labari ina da shekara talatin da 'yan kai, hannuna ba ya rawa, kuma in faɗi gaskiya, kaina ya kumbura. Da wuya a yi suna tsakanin Gangare da Anguwan Rogo ban shiga gidan ba. Ni ne mai aske gashin jariri, in buɗe ɗan bakinsa in cire beli. Wato bayan uwarsa da ungozoma, babu wanda ke kusantar fuskar jariri kamar ni.

A wannan shekarar aka fara yawo da allurar rigakafin yara unguwa-unguwa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ke jan ragamar masu allurar, 'yar ƙasar nan ce ta kan dutse, gajeruwa, mai saurin tafiya, kowa Sista yake ce mata. Su kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa, su ajiye akwatin sanyinsu, su zauna tun hantsi har azahar, in an kawo yara biyar to ranar an yi kasuwa. Ni kuwa ina cikin masu yi musu dariya. A majalisa nake cewa, "Tari ma har sai da allura? Ku kawo mini yaro in cire masa beli, ku ga in zai ƙara." Yau da na tsufa zan iya faɗin abin da ban faɗa ba a lokacin: ba allurar nake ƙi ba, abincina nake ji wa tsoro.

Matata ta so ta kai 'ya'yanmu biyu, na hana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa! Kullum kana tsaga 'ya'yan mutane, naka ko tsinin allura ba za a sa musu ba?" Na ce ta kama bakinta. Ta kama, amma ta bar ni da harara.

To, ina da wani amini, tela ne a Anguwan Rogo. Tare muka yi makarantar allo, tare muka sha bulala. Mutum ne marar yawan magana, in yana kan keken ɗinkinsa sai ka yi sallama sau biyu kafin ya ɗago. Shekara tara da aurensa Allah bai ba su haihuwa ba, sai a wannan daminar matarsa ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Wayyo, ku zo ku ga murna! Tun cikin yana wata shida ya fara ɗinka 'yan riguna daga guntayen atamfa, ta wata ɗaya, ta wata uku, ta mai rarrafe, har ta mai shekara biyu, ya jera su a igiya a cikin shago. Na shiga na gani na ce, "Aboki, saura kayan lefe kawai." Ya yi dariya har da riƙe ciki, abin da ban saba gani a wurinsa ba.

A lokacin na yi kamar mako biyu ina fama da wani tari. Da mura ya fara, daga baya ya koma irin wanda in ya sarƙe ka sai hawaye sun zubo. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Wanda ya san daminar Jos ya san sanyinta, kowa da 'yar murarsa. Ina shan citta da kanumfari ina fita aikina. Da safen ranar suna ina haɗa asake, matata ta ce, "Maigida, da wannan tarin za ka shiga ɗakin mai jego? Ka tura wani mana." Na ce, "Sunan 'yar aminina ne zan tura wani? Ai ko a gadon asibiti nake sai na rarrafa na je."

Ana yayyafi na isa. An rufe taga saboda sanyi, an sa garwashi a kasko, ɗakin ya yi ɗumi. Aka miƙo mini ita a cikin zani, 'yar ƙarama, gashi baƙi wuluk kwance a kanta. Na fara aski ke nan tarin ya taso. Na kau da kai gefe, na yi mai isata, na goge baki da hannun riga. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu wanzami, sanyin bana ba shi da kyau." Shi ke nan abin da aka ce. Da na gama, wasu 'yan gashi sun zubo mata a goshi da gefen hanci. Sai na yi abin da na ga mahaifina yana yi, abin da na yi wa jarirai ba adadi: na sunkuya na hure mata su da bakina. Ta yamutsa fuska, mata suka yi guɗa.

Bayan kamar kwana goma ta fara mura. Ba a daɗe ba aminina ya zo har gida ya ce in zo in duba, ko belin ne bai fita duka ba, don yarinya tana tari. Na ɗauki zabira na bi shi. Ina tsaye tarin ya kama ta. Ta yi, ta yi, ta yi, ba ta samun sararin jan numfashi, sai kuma ta yi shiru, ƙirjin ya tsaya, leɓɓanta suka yi baƙi. Uwar ta fasa ihu tana jijjiga ta, da ƙyar numfashin ya dawo. Da ma na riga na ciro aska. Na mayar da askar cikin zabira na ce, "Aboki, wannan ba aikina ba ne. Mu tafi asibiti."

A ɗakin yara na asibitin muka tarar da Sista. Akwai wasu jarirai biyu a kwance da irin wannan ciwon. Ina shiga uwar ɗaya ta ce, "Sannu wanzami." Ta biyun ma ta ce, "A'a, wanzami, kai ne?" Na amsa, don duka na san su, ni na yi askin sunan 'ya'yansu a cikin watan. Sista ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta dube ni. Kamar an aiko shi, tarin ya sarƙe ni a gabanta. Ta kama hannun rigata ta ja ni baranda.

Hausarta irin ta mutanen nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma ban taɓa jin magana ta shige ni kamar tata ba. Ta ce, "Oga wanzami, wannan tari naka ya kai sati nawa?" Na ce ya haura wata. Ta ce, "Tarin shiƙa ne yake damun yaran nan. Babba in ya kama shi, zai yi ta yawo da shi yana cewa sanyi ne. Jariri in ya kama, zai iya tafiya." Na ce, "Sista, kina nufin ni ne?" Ta ce, "Ban ce kai ne ba. Mutane da yawa suna shiga barka, Allah ne ya sani. Amma kar ka sake taɓa jariri sai tarin nan ya ƙare." Ta yi mini adalci, ni ne ban iya yi wa kaina ba. Ina tsaye a barandar nan ba abin da nake gani sai goshin yarinyar da bakina a kansa.

Sauran jariran biyu Allah ya tashi kafaɗunsu. 'Yar aminina kuwa saura kwana huɗu ta yi arba'in ta koma. Ranar uku, da mutane suka ragu, na matsa kusa da shi a kan tabarma na faɗa masa komai, har gargaɗin matata, har hurin da na yi. Wallahi na so ya mare ni. Ya dubi ƙasa ya ce, "Kwananta ne ya ƙare." Daga ranar in mun haɗu a hanya sai gaisuwa, ya wuce na wuce. Wannan gaisuwar ta fi mini zagi ciwo.

Na rataye zabira har tarin ya rabu da ni. Da kaina na ɗauki 'ya'yana na kai su teburin Sista. Matata ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, Allah ya saka mata. Na ce wa Sista, "Akwai abin da zan iya yi?" Ta ce, "Kai ka san kowane yaro a unguwan nan, mu ba mu sani ba." Ta bayyana mini cewa allurar sau uku ake yi, wata-wata, kuma ba a fara wa jariri sai ya wuce arba'in. Kafin nan ba shi da kariya sai mu da ke kewaye da shi: a yi wa yayyensa allura, mai tari kuma ya yi nesa.

Haka muka fara. Mai unguwa ya ba da baki, liman ya yi magana bayan sallah, ungozomomi suka yarda su riƙa tsayawa a ƙofar mai jego, duk mai tari ya yi barkarsa daga tsakar gida. Wannan ya jawo gutsiri-tsoma, don a wurinmu hana mutum ɗaukar jariri ba ƙaramin abu ba ne. Ni kuma nake bin gida-gida, tunda na san wanda aka haifa da ranar sunansa. Na sha gori. Wani mai kayan miya ya ce mini, "Ba kai ne ka ce a kawo maka a cire beli ba?" Na ce, "Ni ne. Na faɗa, kuma ban san abin da nake faɗa ba."

Zagayen farko an fito ba laifi. Na biyun ne ya tsaya mana a wuya. Wasu yara sun yi zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu, cinya ta kumbura, iyaye mata suka ce an ɗauki yaro lafiyayye an sa masa ciwo, ba za su koma ba. Ranar muna zaune a ƙofar gidan mai unguwa har rana ta take, tebur fayau. Matan suna leƙe daga zaure, ba wadda ta fito.

Sai ga aminina tafe da ƙunshi a hammata. Bai dube ni ba. Ya ɗaura igiya daga bishiyar ƙofar gidan zuwa ƙusar bango, ya kwance ƙunshin, ya fara rataye 'yan rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarama har babba. Babu macen da ba ta san na wace ce ba. Da ya gama ya juya wajen zaurukan, shi da ba ya ɗaga murya, ya ce, "Ni tawa ba ta kai lokacin allura ba. Naku sun kai. Zazzaɓin kwana biyu kuke gudu? Da za a ba ni zazzaɓin shekara ta dawo, da na karɓa. Duk yaron da ya cika allura uku, uwarsa ta zo ta zaɓa masa riga."

Sista ta juya baya tana gyara akwatin da ba abin da ya same shi. Can wata ta fito da goyo, wata ta biyo ta, kafin la'asar layi ya kai bakin kwata. Shi kuwa ya naɗe zanin ƙunshinsa ya tafi, ko a ranar bai ce mini uffan ba.

Sai bayan shekara biyu. Wata safiya ina wasa aska a zaure na ji sallamarsa. Na riga na ji labarin matarsa ta haifi namiji, na kuma riga na sa a raina cewa wani wanzamin za a kira, ban ga laifinsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kana tari?" Na ce, "A'a." Ya ce, "Mura fa?" Na ce, "Babu." Ya ce, "To ɗauko zabirarka, ana jiranmu."

Na yi askin nan hawaye na neman hana ni gani. Da gashi ya zubo wa yaron a goshi, na sa hannu a aljihu na ciro ɗan farin ƙyalle mai tsabta na share masa. Tun daga 'yar aminina ban sake hura wa ɗan kowa fuska ba, kuma duk wanda na koya wa sana'ar nan, wannan na fara koya masa kafin riƙon aska.

Abin da na koya shi ne, ba sai maƙiyi ne ke kawo wa gida cuta ba. Ni da ƙauna na shiga ɗakin nan, da gadarar na iya, kuma an gargaɗe ni na ƙi ji. Yaron da na aske ranar yanzu magidanci ne, 'ya'yansa duk an yi musu allurarsu. Amma har gobe in na ji ana guɗar suna, kafin in yi wa kowa barka sai na saurari ƙirjina tukuna.