Ɗigon Man da Kawu Ya Zuba wa Injin Yaya

Shekarar da aka rufe jami'arsu, yayana ya dawo Gadarif da aikin kammala karatunsa a cikin gwangwanin alawa. Wai inji ne. Ni da na tashi ina jin tarakta tana girgiza mana katanga, na leƙa na ga wani abu bai kai farcen ƙaramin yatsana ba, da wayoyi biyu kamar gashin bakin kyankyaso. Sai da na zauna don dariya.

Baba ya ce a kira Kawu, wan Inna, mai gyaran tarakta a Simsim. In ya ce abin na kirki ne, Yaya ya zauna gida ya ƙarasa aikinsa. In ba haka ba, ya bi lori zuwa yankan riɗi.

Kawu kuwa duk abin da ba ya hayaƙi bai yarda yana da rai ba. Ko rediyo yana zarginsa da lalaci. Ya zo bayan la'asar, ya baje a kan angareb har igiyoyin gadon suka yi kuka, ya sha gahawar jabana finjali uku, sannan ya ce, "To, ya bashmuhandis, babban injiniya, ina dodon?"

Yaya ya ɗora shi a kan faranti.

"Wani irin dutse ne, Kawu. In wutar lantarki ta shige shi sai ya ɗan miƙe. Ina ba shi wutar a hankali ya tura sandar nan, in janye da sauri ya zame ya bar ta a can. Sau da yawa kafin ka ƙifta ido."

Kawu ya ɗora kan sukundireba a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar, yadda yake sauraron cikin tarakta.

"Shiru! Wallahi gawa ta fi shi surutu."

Na ɗauko ƙwayar riɗi ɗaya na ajiye a gaban sandar. Ta fara tafiya. A wannan gudun jikokina ne za su tarye ta a kasuwa, amma dai tana tafiya. Yaya ya murɗa wani maɓalli ta ƙara sauri, ya sake murɗawa ta tsaya cak a kan layin da ya ja da biro. Baba ya matso har gemunsa na sharar faranti, ya ce, "Masha Allah."

Wannan kalmar ce Kawu ya kasa haɗiyewa.

"A bushe yake, shi ya sa yake rarrafe," ya ce, ya zaro 'yar butar mai daga aljihun jallabiya.

"Kawu, kada ka..."

Ɗigo ɗaya. Ɗigon ma ya fi injin girma. Ashe da kamun da dutsen yake yi wa sandar yake tafiya. Da mai ya shiga tsakani, sai santsi. Yaya ya murɗa, ya murɗa, riɗi ko gezau.

"Injin da mai ke kashewa!" Kawu ya tafa hannu. "Tun ba a haife ka ba nake gyara, ban taɓa jin wannan abin kunya ba."

"Kwana biyu kawai, Baba, in wanke shi," in ji Yaya.

Baba ya gani da idonsa, kowa ya gani. Amma ba zai ƙaryata wan matarsa a gaban yara ba. Ya daɗe yana kallon faranti, ya ce riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye zubewa yake yi.

Da safe Yaya ya hau bayan lori da lauje. Kawu yana gaba, kusa da direba, yana koya masa tuƙi.