Gorar Zoɓon da Mama Ba Ta Wanke Ba

Shekarun baya kaɗan, wata rana da la'asar, na dawo daga aiki na buɗe ƙofar flat ɗinmu a unguwar Whitechapel, can ƙasar Turawa, sai warin sigari ya dake ni. Mu biyu ne a gidan, ni da mahaifiyata, kuma ba mai shan taba a cikinmu. Na ƙame a wurin da makulli a hannu.

Ba a taɓa talabijin ba, ba a taɓa sarƙar Mama ba. Ɗakina kaɗai aka shiga. An zazzage kayana a kan gado, an cire hotona daga bango an tafi da shi. Nan na gane ni aka zo nema.

Na kira 'yan sanda, na kira Mama. Mama ta riga su isowa. Ina zaune a matattakala ina ta kuka kamar 'yar yaye, da na leƙa sai na tarar ta ɗaure zani, ta share falo, ta goge hannun ƙofa, tana ninke kayana.

"Mama, me kike yi haka?"

"Baƙi za su shigo mana, ki ce in bar gida kaca-kaca? Su ce mu ƙazamai ne?"

Da 'yar sandar ta zo ta ga gida tas, sai da ta dafe kai. Ta tambaye mu ko akwai abin da ya saura ba a taɓa ba. Mama ta ce cikin fushi, "Sai gorar zoɓona da ke firij, wadda mara kunyar ya kafa wa baki ya shanye rabi. Yanzu zan wurgar da ita."

Ban san lokacin da na yi tsalle na tare gaban firij ba.

Matar ta sa safar hannu ta ɗauki gorar kamar jariri. Ta bayyana mana cewa yawun kowane mutum na ɗauke da tambarin halittarsa, shi ne DNA, kuma suna da rumbun da suke adana na waɗanda aka taɓa kamawa, za a gwada a gani. Mu ma aka goga mana auduga a baki don a ware namu. Mama ta ce, "To, yau ni ce ɓarauniyar zoɓona."

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Na koma kwana a ɗakin Mama. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk namijin da ya kalle ni sai in sauka kafin tashata. Har yau in na ji warin sigari a bakin ƙofa, sai gabana ya faɗi. Amma na koyi abu ɗaya: in abu ya faru, a bar wurin yadda yake, kunyar baƙi ta jira.

Wata Juma'a da hantsi ina wurin aiki, 'yar sandar ta kira. Yawun ya dace da na wani da aka taɓa kamawa a wani gari kan bibiyar mata, ashe shi ne mai kawo saƙonni gininmu. An sami hotona a ɗakinsa, yana tsare, an hana shi beli.

"Yana hannunmu," in ji ta. "Ki koma ɗakinki ki yi barci."

Na kira Mama na faɗa mata. Ta rangaɗa guɗa har sai da na janye wayar daga kunnena.