Rigar Noman Baba

Daminar da na shiga aji uku, wata ranar Asabar da yamma, Baba ya dawo daga gonarmu ta Kwaja da kwali ɗaure a bayan kekensa, daidai wurin zamana. Na ruga a guje ina zaton mangwaro ne, sai ga ɗan kwikwiyo ya leƙo da kai, jiƙe sharkaf. Baba ya raɗa masa suna Barsu. Ni kuwa tun a ranar na ƙulla gaba da shi.

Ni ce auta, kuma kafin zuwansa ƙanzon tuwon masara nawa ne, rakiyar Baba zuwa mayo, wato rafi, ma tawa ce. Barsu ya gaje su duka. Ina share tsakar gida, ina ɗebo ruwa, shi yana miƙe a gindin Baba ana cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya, har da hira. In na kumbura baki sai Baba ya ce, "Shi ma yana da zuciya, baki ne ba shi da shi." To, ni mai bakin me aka ba ni?

Da kaka ciwo ya kwantar da Baba, aka tafi da shi asibiti a Yola. Barsu ya daina cin abinci, ya tare a ƙofar gida har haƙarƙarinsa suka fito. Ni kuma na ɗauke rigar noman Baba, wadda ba a wanke ba, nake kwana da ita. Mama ta karɓe ta shimfiɗa wa karen. "Ki yi haƙuri, Talatu, in bai ji warin ubangidansa ba, zai mutu." Ya shinshina, ya kwanta a kai, washegari ya lashe kunu. Wallahi na yi kuka, don riga ɗaya ce kuma mu biyu ne muke kewarsa.

Ranar da Baba ya dawo, Barsu ya riga ni isa wurinsa. Baba ya shafa kansa, sannan ya dube ni da kyau ya ce, "Ashe ke ma kin rame." Ya cire hularsa ya kifa mini.

Yanzu ina aure a Lokuwa, 'ya'yana suna da kyanwa, kuma ni ce mai faɗa in an bar ta da yunwa. Baba da Barsu duk sun tafi, hular ce ta rage a akwatina. Har yau ina kishin karen nan, ya fi ni samun Baba.